Tambaya da Amsa: Kanumfari da Ciwon Haƙori

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce a Funtuwa. Kusan wata 2 ke nan haƙorina na turmi yana damuna, musamman idan na sha ruwan sanyi. Surukata ta ce in riƙa danna ƙwayar kanumfari a wurin, kuma lallai ciwon yana lafawa. Yanzu wata maƙwabciyata ta ba ni kwalbar man kanumfari, ta ce in riƙa ɗigawa, har ma in ba ɗana mai shekara 3 idan cikinsa ya murɗa. Shin in ci gaba da hakan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Surukarki ba ta yi kuskure ba, domin wannan magani ne da likitocin haƙori su ma suka yarda da shi. Kanumfari tohon furen wata bishiya ce da asalinta tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunisiya, ana tsinke shi tun bai buɗe ba, a shanya har ya yi duhu, kuma tun ƙarni na 19 tsibiran Zanzibar da Pemba suka yi suna wajen nomansa. Ƙarfinsa yana cikin wani sinadari mai suna yujinol, wanda shi ne mafi rinjaye a cikin mansa. Shi ne ke sa harshe da dasashi su yi dundurus idan an tauna ƙwayar, kuma yana kashe wasu ƙwayoyin cuta na baki. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin likitan haƙori ya ji wani ƙamshi kamar na kayan yaji, to sau da yawa yujinol ne da ake kwaɓawa a yi cikon wucin gadi da shi.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne wata 2 ɗin nan. Haƙorin da ke zogi idan ruwan sanyi ya taɓa shi, har tsawon wannan lokaci, mai yiwuwa ya yi kogo, kuma kanumfari yana kwantar da zafi ne kawai, ba ya cike kogo. Yayin da kike samun sauƙi, ruɓewar tana ci gaba da cin haƙorin har ta kai jijiya, daga nan sai mugunya ta taru a saiwarsa. Haƙorin da yau ciko zai wadatar da shi, nan gaba yana iya kaiwa ga sai an cire shi. Ki je a duba shi cikin makon nan, idan kuwa kunci ya kumbura ko zazzaɓi ya shigo, kada ki kwana.

Kafin ki samu zuwa, ƙwayar ta fi man aminci. Idan man za ki yi amfani da shi, ki gauraya ɗigo 1 ko 2 da rabin cokalin shayi na man zaitun, ki tsoma auduga ki ɗora a kan haƙorin kaɗai, domin zallarsa yana ƙona dasashi.

Batun yaron kuwa, a nan maƙwabciyarki ta yi kuskure babba, ko da yake da kyakkyawar niyya ta faɗa. Man kanumfari ba abin sha ba ne ga yara: cokalin shayi 1 ko 2 ya isa ya lahanta hantar ƙaramin yaro, ya jawo masa jijjiga. Ki ajiye kwalbar inda hannunsa ba zai kai ba.

Yujinol yana kuma jinkirta daskarewar jini, saboda haka ki sanar da likita cewa kina amfani da shi tun kafin ya taɓa haƙorin, balle idan kina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Amma 'yan ƙwayoyin da kike jefawa cikin zoɓo, kunun zaƙi, shayi ko dakan yaji tare da citta da masoro ba su da illa, kuma yaron ma yana iya shan kununsa kamar kowa a gidan.