Ramin da ke bayan furosesa da wahalar gwiwar Alhaji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya aiko mini da kayan kallo daga Dubai: furosesa mai raba sauti zuwa lasifika bakwai, da amfilifaya daban mai ƙara wa sautin ƙarfi, mai nauyin gaske. Furosesar na jin rimot, amma amfilifayar sai na durƙusa na zura hannu ƙasan kabad kafin na kunna ta, ga ciwon gwiwa. Yara kuma sukan kashe talabijin su bar ta a kunne, ta kwana tana shan batirin inbata. Mai gyaran wutarmu ya ce zai yanko wayar wutarta ya haɗa ta cikin furosesar. Ni kuma na ga wani ɗan rami a bayan furosesar an rubuta Trigger Out 12V. Ko yana da amfani? *Daga mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Da farko dai ka ce wa mai gyaran nan ya mayar da filayarsa aljihu. Ramin da ka gani, don wannan matsalar taka aka yi shi.

Mu a shago tiriga muke ce masa. Da zarar furosesa ta tashi, sai ta fitar da bolt 12 ta wannan rami, wuta miƙaƙƙiya irin ta batir. In aka kashe ta, wutar ta ɗauke. Amfilifaya na ganin bolt 12 ɗin nan sai ta farka, in ya tafi ta koma barci. Ɗan aike ne, saƙo kawai yake kaiwa. Yawancin injinan da suka ratsa hannuna ba sa ba da fiye da miliamfiya 100 zuwa 150 ta wurin, wato ko wat 2 bai cika ba. Amfilifayarka kuwa ɗaruruwan wat take ja daga soket na bolt 230, kuma can za ta ci gaba da shan wutarta.

To, ka daure ka durƙusa sau ɗaya na ƙarshe da tocila. Ka duba bayan amfilifayar ko akwai rami mai rubutun Trigger In. In akwai, an gama. Waya za ka nema mai kai irin na iyafis, milimita 3.5, a duka ɓangarorin biyu. Ka lura da kan: mai zobe baƙi guda ɗaya ake so. Mai zobe biyu na sitiriyo ne, wani injin ya karɓa, wani ya ƙi, kuma shi ne ya cika kasuwa. In ka shiga Kasuwar Sheikh Gumi ko shagunan Ahmadu Bello Way, ka ƙirga zoben da idonka, don yaron shago zai rantse maka duk ɗaya ne. Tsinin kan shi ne mai wuta, jikin kuma shi ne na komawa.

Ka cire filogin injinan biyu kafin ka soka wayar, domin tsinin kan iya gogar gefen rami yana shiga, ya haɗa wuta. Kuma ka karanta rubutu da kyau. Kusa da tiriga sau da yawa akwai wani rami kamarsa sak mai rubutun IR, na saƙon rimot ne, ba ruwansa da wannan aikin.

Abu biyu ke sa mutane su dawo mini suna cewa bai yi ba. Wasu amfilifayoyin na da ɗan makunni a baya da sai an tura shi wajen Trigger, sannan a bar babban makunninta a kunne. Furosesa kuma, a cikin saitinta ake gaya mata lokacin da za ta fitar da wutar, wani lokaci har sai ka zaɓa mata dikoda daban, na'urar faifai daban. In kana shakka, sa mitar auna wuta a DC, wato miƙaƙƙiyar wuta, jan tsinke a tsini, baƙi a jiki, ka danna rimot. Ya kamata ka ga wajen 12.

Za ka iya ganin Auto a wannan makunnin, mai jiran ya ji sauti kafin ya tashi. Ni ba na son sa. Ka sa karatu da asuba, kafin ta farka an wuce bisimilla, in kuma ka rage murya da dare ta ɗauka kowa ya kwanta ta kashe kanta.

In kuwa ba ramin tiriga a amfilifayar, kamar irin manyan nan na masu kiɗan biki da na masallatai, sai a sa rile, wato makunnin da wuta ce ke danna shi, a tsakani: bolt 12 ya ja rile, rile ya sako wutar soket. A nan na taɓa ƙonewa, don haka bari in daɗe. Shekarun baya, ina sabon buɗe shago a Tudun Wada, wani bawan Allah ya kawo irin wannan aiki. Na tsallaka Panteka na sayo rilen mota, na ce ai bolt 12 ne. Bolt ɗin daidai, amma nadin wayarsa na jan wuta fiye da abin da ramin zai iya bayarwa, ban kuma sa dayod mai hana wuta komowa baya ba. Kwana uku ya yi yana ƙwas-ƙwas lafiya lau, rana ta huɗu ramin ya mutu murus. Kuɗin aikin da na mako guda suka tafi wajen gyara, ban da kunya.

Abin da ya dace shi ne ƙaramin rile mai cin wajen miliamfiya 30, da dayod 1N4007 a gicciye kan nadin, ɓangaren mai zobe yana kallon waya mai wuta. Dayod ɗin ne ke shanye wutar da nadin ke harbowa baya lokacin da aka kashe. Sannan kada ƙaramin rilen ya ɗauki amfilifaya kai tsaye. Mai wat 1,000 amfiya 4 da 'yan kai take ja tana aiki, amma a ƙiftawar farko tiransifomarta kan fizgi ninkin haka sau da yawa, har bakin rile ya narke ya manne. Sai ƙaramin ya ja kwantakta, wato babban rile, kwantakta ta ɗauki nauyin. A yanke waya mai wuta, ja ko ruwan ƙasa, a bar wayar da ke sauka ƙasa, wato earth, a haɗe, a sa fis, a rufe komai cikin akwati. Wannan ɓangaren, ranka ya daɗe, ba na falo da yara ba ne, ka ba wanda ya san aikin.

Saura batun inbata. In ba da rile aka haɗa ba, tiriga ba ta raba amfilifaya da soket, barci kawai take sa ta, tana ɗan lasar wuta kaɗan. Batirinka zai huta, amma in an ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, ko ana juyawa zuwa janareta, tana kan layi. Ka ba ta sitabilaiza mai jinkirta sakin wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da aka rubuta a bayan injin. In hadari ya haɗo da tsawa irin ta watan Agusta, a tura yaro ya zare filogin gaba ɗaya.