Amsa ga Kawu a Tawa kan shigarmu haikalan Kiyoto

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, na samu saƙonku inda kuka ce hoton da na aiko ya tayar da magana a majalisa, har wasu suna tambaya ko ɗan da aka tura karatu Japan ya koma ziyarar gumaka. Tambayar tana kan hanya, kuma ku ne kuka fi cancanta ku yi ta.

Karatun da ya kawo ni shi ne tsara filaye da lambuna, wato sanin inda za a dasa itace, inda ruwan sama zai bi idan ya sauka, da inda mutum zai taka ko ya zauna ya sha inuwa. Kiyoto ta yi fiye da shekara dubu tana fadar sarakunan ƙasar, tun daga 794, kuma mafi yawan tsofaffin lambunanta suna cikin harabar haikalan mabiya Buda ne. Ɗalibin wannan fanni ba shi da makawa sai ya shiga, domin malamanmu can suke kai mu darasi.

Hoton da kuka gani an ɗauke shi ne a lambun haikalin Riyowanji. Fili ne mai tsawon kusan mita 25 da faɗin mita 10, an shimfiɗe shi da farar tsakuwa, an dasa duwatsu 15 a ciki, babu itace ko ɗaya, babu ɗigon ruwa, sai 'yar gansakuka a gindin duwatsun. Ana jan manjagara a kan tsakuwar har ta yi layi-layi kamar igiyar ruwa, kuma duk inda mutum ya zauna a barandar ba zai ga duwatsun duka a lokaci guda ba. Ranar farko da na zauna a wurin dariya ta kusa kuɓuce mini, don na ga mutane sun biya kuɗi suna kallon abin da muke kira fako a Adar. Sai da malaminmu ya sa muka auna tazarar duwatsun, muka duba yadda aka ɗan karkatar da filin domin ruwan sama ya gangara gefe guda, sannan na gane cewa hannun da ya jera su ya san aikinsa. Abin ya tuna mini da jerin duwatsun da aka yi a gangaren Keita tun daga 1984 don tare zaizayar ƙasa, da ramukan tassa da rabin wata da manomanmu suke haƙa. A ganina namu ya fi nasu amfani, tunda yana ciyar da mutum, amma su sun rubuta iliminsu sun adana shi, mu kuwa mun bar namu a kan dattawa.

Game da yadda muke yi, mu Hausawan da ke wannan yanki ba mu da yawa, 'yan Nijar da Najeriya da Gana ne, ɗalibai da ma'aikata, kuma bakinmu bai zo ɗaya ba a kan wannan batu. Akwai waɗanda ba sa taka ƙofar haikali ko kaɗan, kuma ba wanda yake ganin laifinsu. Mu da aiki ya kai mu, muna cire takalmi inda aka ce a cire, muna rage murya, amma ba ma sunkuya wa gunki, ba ma kunna turare, ba ma jefa kuɗi a akwatin da ke gabansa. Ban taɓa ganin wanda ya tilasta mana ba. Sunkuyon gaisuwa kuwa na mutane ne tsakaninsu, kamar yadda nake rusuna muku, kuma mu ɗan duƙar da kai kawai muke yi. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne abinci, domin romon alade da giyar shinkafa suna shiga girki da yawa, saboda haka mun koyi karanta bayan leda kafin mu koyi karanta jarida. Idan mun samu hutu mukan je masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935, tafiyar kusan awa ɗaya a jirgin ƙasa.

A tashar jirgin Kiyoto ne ma muke haɗuwa. An buɗe ginin a 1997, tsawonsa mita 470 ne, ƙarfe da gilashi, kuma mutanen gari da yawa sun ƙi shi tun farko suna cewa bai dace da tsohon birni ba. Ni ina son sa saboda babbar matakalarsa mai hawa 171, wadda mutane suke zama a kanta kamar dandali, da ɗan lambun da ke samansa inda ake hango duwatsun da suka kewaye garin. Daga can ana ganin hasumiyar katako ta haikalin Toji mai tsayin mita 55. Duk baƙon da ya sauka daga cikinmu, can muke kai shi ya ga gabas da yamma kafin mu nuna masa alƙibla.

Ina roƙon ku, Kawu, kada a kwashe duwatsun da ke filin bayan gida a sayar wa masu gini. A sa yara su auna mini tsawon filin da faɗinsa, su kuma lura da inda ruwa yake kwanciya idan damina ta faɗi, domin ina son in zana shi kafin in zo.