Amsa: Kayan gyaran gidan haya, masu tsada ko masu arha?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce masu haya sun tashi, kana son gyara ɗaki biyu da banɗaki, kana tambaya ko ka sa kaya masu tsada.

Ni dai a nawa ganin, ka kashe kuɗi a abin da ke shiga cikin bango, ka rage a abin da ido ke gani. Wayar wuta da bututun ruwa kada ka yi musu rowa. Na taɓa sa bututu mai arha a banɗaki, ko shekara bai cika ba bango ya jiƙe, sai da aka fasa tayil gaba ɗaya kafin a gano inda yake yoyo. Fenti kuwa na ruwa ya isa, tunda duk wanda ya tashi sai ka sake shafawa. Tayil ka ɗauki mai ɗan duhu marar santsi, ka ƙara kwali ɗaya ka ajiye, don irinsa kan ɓace a kasuwa.

Batun biya, kada ka damƙa wa birkila kuɗin kaya. Ka je kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa da kanka in a Kano kake, ka taya a shago uku. Siminti, Dangote ne ko BUA, buhun kilo 50 ne. Ka danna shi da hannu, in ya yi dunƙule ya sha danshi, bar shi. Kuɗin aiki kuma kashi-kashi, na ƙarshe sai ka buɗe famfo ka ga babu ɗiga.