Filin Lafiya: Na fara shan maganin firgici, sai abin ya ƙaru

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata shida ke nan wani firgici yana zo mini ba zato. Gabana ya yi ta bugawa, numfashi ya sarƙe, in ji kamar raina zai fita. An auna zuciyata an ce lafiya lau. Likita ya ce ciwon firgici ne, ya rubuta mini Sertraline miligiram 25, ya ce yana aiki a kan sirotonin. Yau kwana 5, sai ma tashin zuciya da rashin barci suka ƙaru. In daina sha? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Kada ki daina. Abin da kike ji sananne ne a makon farko, kuma yana da dalili.

Sirotonin sinadari ne da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Jijiyoyin da ke yin sa suna can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen mahaɗarta da laka, kuma suna miƙa rassa zuwa sassan da ke kula da tsoro da numfashi. Yana cikin abubuwan da ke daidaita ƙararrawar tsoro, wadda a wurin mai ciwon firgici take kaɗawa ba tare da wani haɗari ba. Jijiya idan ta saki sirotonin, takan tsotse shi ta mayar. Sertraline da danginsa, irin su Fluoxetine da Escitalopram, wannan tsotsewar suke tarewa.

Ga inda matsalar take. Sirotonin yana ƙaruwa tun ranar farko, amma jijiyoyin suna da na'urar gane cewa ya yi yawa, sai su rage sakinsa. Sai bayan makonni wannan na'urar take sabawa ta sassauta. Shi ya sa sauƙin gaske ba ya bayyana sai mako 4 zuwa 6, wani ma har 12, alhali rawar jiki da fargaba da rashin barci su ke riga zuwa. Tashin zuciyar kuwa daga hanji yake, domin kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a can yake. Yawanci duk wannan yana lafawa cikin mako 1 zuwa 2.

Masu ciwon firgici sun fi kowa jin wannan farkon, don haka ake fara musu da miligiram 25, bayan mako guda a kai 50. Idan kin ji ba za ki iya jurewa ba, ki koma wurin likita ya jinkirta ƙarin. Ki riƙa sha da safe bayan kin karya. Ki rage goro da kofi da shayi mai kauri, domin suna tayar da bugun zuciya, shi kuma ya farkar da firgicin.

Abin da muka fi jin tsoro shi ne haɗa Sertraline da Tramadol. Shi ma yana ƙara sirotonin, kuma haɗa su yana iya jawo zazzaɓi mai tsanani, gumi, fizgar jiki da ruɗewa. Wanda ya ga haka a garzaya da shi asibiti nan take. Haka nan idan tunanin cutar da kai ya zo, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25. Diazepam yana kwantar da firgici da sauri, amma jiki yana sabawa da shi, kada ki saya da kanki a kemis. Idan kina da ciki ko kina shayarwa, ki sanar da likita.

Bayan kin samu sauƙi, ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, sau da yawa shekara guda, sannan a rage a hankali. Yankewa lokaci ɗaya yana kawo jiri da jin kamar lantarki a ka. Ki kuma nemi ganin masanin halayyar ɗan Adam, zai koya miki fuskantar alamomin ba tare da gudu ba. Idan firgicin ya zo, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki fitar a hankali kina ƙirga 6. Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya fara sauka.