Batun hoton da ka gani a jikin kan sarki

Ɗana, na ga saƙonka, wai maƙwabcinka ya aiko maka katin Kirsimeti da kan sarki mai hoton Nana Maryamu riƙe da jariri Annabi Isa, kana tambaya ya aka yi gwamnatin Amurka da ke cewa ba ruwanta da addini take buga irin wannan, kuma ko sai ka rama.

To ai ba kai ka fara tambayar nan ba, su kansu Amurkawan sun sha rigima a kai. A 1962 suka fara fitar da kan sarkin Kirsimeti, kyandir ne da ganye kawai a jiki. Sai 1966 suka ɗauko zanen Nana Maryamu da jaririn na mai zane Hans Memling suka sa a na santi 5. Shi Memling ɗin asalinsa Bajamushe ne amma a Bruges ya zauna, can yankin Filandas a arewacin Beljiyam, ya mutu tun 1494, kuma mutanen yankin nan kam gwanaye ne wurin fenti mai mai a kan katako, har zaren riga sai ka ƙirga, coci da attajiran 'yan kasuwa ke ba su aiki. Zanen na nan a gidan adana zane na ƙasa da ke Washington. Fitowarsa ke da wuya aka yi ca, ƙungiyoyin Yahudawa da masu kare haƙƙi suka ce gwamnati ta ɗauki ɓangare, shi kuwa gidan waya ko a jikinsa, 1967 ya sake bugawa har ya ƙara masa girma, aka je kotu ma bai hana ba, 1968 kuma ya kawo Mala'ika Jibrilu na wani mai zanen, Jan van Eyck.

Daga 1970 ne suka koma buga iri biyu, mai addini da mara addini, kowa ya sayi nasa. Mu ma an yi mana na Sallah a 2001, rubutun Larabci na Mohamed Zakariya, ruwan zinare a kan shuɗi, babu hoton kowa.

Batun ramawa kuwa, mutumin nan gaisuwa ya yi irin ta garinsu, ba wa'azi ya kawo maka ba. Mu dai ba ma zana annabawa, saboda haka kar ka sayi wannan, sayi mai tuta ko fure ka rubuta masa godiya ka gaida iyalinsa. In babbar Sallah ta zo ka miƙa masa nama, soyayye fa, don ɗanye ba lallai ya san yadda zai yi da shi ba.