Tambayi Fita: Birkina ya nutse a zagaye na biyar

TAMBAYA: Salamu alaikum Maigida. Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, ni da abokaina muna hayar wani fili mai kwalta a bayan gari mu gwada motocinmu, ba trotro (motar haya), ba mai tafiya a ƙasa. Ranar Asabar zagaye huɗun farko lafiya lau, a na biyar ina dosar kwana na taka birki sai ƙafata ta nutse kamar na taka burodi, da kyar na tsaya, ga wani wari kamar ana ƙona roba. Bayan rabin awa kuma birkin ya dawo ras. Wani abokina ya ce in sa bututun iska, wani ya ce in riƙa fasa fiya wata a kan taya. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya tsare gaba. Mai shawarar fiya wata ka gaishe shi amma kada ka bi ta tasa, faifan birki ƙarfen zubi ne, in ya yi jajir ka watsa masa ruwan sanyi yana iya tsagewa, sai ka kama hanyar Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota, neman wani.

Man birkinka ne ya tafasa. Aikin birki kaf shi ne ya mai da gudu ya zama zafi, kuma lissafin ba ya tafiya daidai-wa-daida, motar da ke gudun kilomita 120 zafin tsai da ita ya ninka na mai gudun 60 sau huɗu ne, ba sau biyu ba. A cikin gari kana taka birki sau ɗaya ka shiga cunkoson Circle ya huce, a fili kuwa kwana na bin kwana, zafin wannan bai fita ba na gaba ya hau kansa, har ya ratsa fad, wato abin da ke matse faifan birki, ya kai ga mai. Mai in ya tafasa tururi yake yi, shi kuwa tururi matsuwa yake in an danna shi, shi ya sa ƙafarka ta tafi ƙasa. Da ya huce tururin ya koma ruwa, sai ka ga kamar ba a yi komai ba. An yi fa.

Yaushe rabonka da canza man nan? Na san amsar, yawancinmu ƙari kawai muke yi in ya ragu. Man birki yana shan damshin iska, ga mu kuma a bakin teku. Sabon man birki mai lambar DOT 4 ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ya tsufa sai ya sauko wajen 155. DOT 3 daga 205 yake faɗowa 140. To tun kafin maganar bututu a zuƙe tsohon gaba ɗaya, taya huɗun, har sai mai garau ya fito, a zuba DOT 4 mai kyau ko DOT 5.1 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Ka lura da wannan ɗigon, DOT 5 zalla wani abu ne daban, na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran.

Warin nan kuma na fad ne. Shi in zafi ya fi ƙarfinsa alamarsa daban, feda tana nan da tauri amma mota ta ƙi tsayawa. Ka cire taya ka duba, in fuskarsa ta yi sheƙi kamar tangaran ko ya ci fiye da rabi, canza shi da wanda aka yi don zafi, domin fad mai kauri shi ma katanga ne tsakanin faifai da mai.

Bututun iska yana aiki, ba ƙarya abokinka ya yi ba, amma sai an nufi bakinsa tsakiyar faifan ta ciki, don faifan gaba mai ramuka a tsakani daga tsakiya yake jan iska ya watso ta baki. Na sha ganin yara sun ɗaura shi yana hura wa taya kawai, ko ya goge da taya in an murɗa sitiyari. Wannan aikin na uku ne.

Sai ƙafarka, wadda ba ta cin ko sidi ɗaya. Sabon shiga yakan fara taka birki tun daga nesa a hankali yana jan sa, ai dafa shi yake yi. Taka da ƙarfi, gajere, ka saki ya sha iska. Zagaye uku ko huɗu, sai ka yi ɗaya a sannu kusan ba birki. In ka tsaya kada ka ja birkin hannu kuma kada ka bar ƙafa a kan feda, fad zai bar tabonsa a jikin faifai mai zafi, gobe ka zo kana ce min sitiyari na rawa. Sa ta a giya, ko ka sa dutse a taya.

Direbobin da ke gangarowa daga Aburi zuwa Ayi Mensah da lodi, ku ma da ku nake, ƙaramar giya za ku sa inji ya riƙe motar. Kai kuma ɗana, kada ka koma filin nan sai an canza man, ko da birkin yana kamawa yau.