Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Tsofaffin Sojoji, Giya da Ciwon Hanta

Tambaya: Likita, maigidana tsohon soja ne da ya yi yaƙin Laberiya, kuma tun dawowarsa ba ya samun barci sai ya sha giya. Yanzu an ce hantarsa ta yi tabo. Ɗanmu ya ce akwai shiri a intanet da ke raba tsofaffin sojoji da giya. Shin zai wadatar? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Uwargida, Allah ya ba shi lafiya. Ɗanki ya yi gaskiya. A Amurka, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji da Jami'ar Boston sun samar da shirin VetChange saboda waɗanda suka dawo daga Iraƙi da Afganistan. Mutum yakan rubuta adadin da ya sha kowace rana, ya gano abin da ke ingiza shi, ko mugun mafarki ne ko ɓacin rai ko zaman majalisa, sannan ya koyi dabarun kauce masa. Binciken da aka wallafa a 2013 a kan mutum 600 ya nuna masu amfani da shi sun rage sha. Abin da na fi yabawa shi ne rufin asirin da ke cikinsa, domin soja ba ya son a ga gazawarsa.

Sai dai ki saurare ni da kyau. Shirin yana barin mutum ya zaɓi ragewa ko dainawa, amma hantar da ta riga ta yi tabo ba ta jure ko kurɓi ɗaya, don haka dainawa ce kaɗai mafita ga maigidanki. Kuma kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a gida. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, idan ya tsaya kwatsam, karkarwa da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, farfaɗiya na iya biyo baya, a kwana na biyu ko na uku kuma ruɗewa mai iya kisa. Asibiti ne wurin farawa, inda za a ba shi magani a sa masa ido, a kuma duba rashin barcin da yaƙi ya bar masa. Shirin intanet ba ya auna jini. Idan ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi, ko cikinsa ya kumbura, ko ya fara sambatu, ku tafi asibiti a wannan sa'ar.

Tambaya: Burkutu ya fi ogogoro sauƙi ga hanta?

Amsa: Malam, barasar da ke cikinsu ɗaya ce, kuma ita ke cin hanta.

Tambaya: Abokaina sun ba ni jiƙon saiwoyi a cikin ogogoro wai yana wanke hanta, ga shi idanuna sun yi rawaya.

Amsa: Yallabai, wannan magana tana ƙona mini rai. Ta yaya abin da ya lalata hanta zai wanke ta? Kowane kurɓi da ka haɗiye hanta ce ke tace shi, ga barasa ga saiwar da ba a san ƙarfinta ba. Zubar da shi yau. Rawayar shawara a idon mai shan giya alama ce ta gaggawa, ka je a gwada ka, har da gwajin ƙwayoyin cutar hanta nau'in B da C.

Tambaya: Mai tabon hanta zai iya shan farasitamol?

Amsa: Zai iya, amma kada ya wuce giram 2 a rana, kuma da sanin likitansa. Ya guji ibuprofen da diclofenac, domin suna jawo zubar jini a ciki da lalacewar ƙoda.